Kodin Miligiram 25 da Suman Rana ta Huɗu

Mutum ne ɗan shekara 62. An kwantar da shi a asibitin jami'a na birnin Janiba, ƙasar Suwizalan, da ciwon huhu da tari, aka rubuta masa kodin ɗan kaɗan, wanda ba wani likita da zai ce an cika hannu. A rana ta huɗu ya suma, numfashinsa yana neman ɗaukewa. Likitocin da suka bi diddigin lamarin, cikinsu har da Yvan Gasche da Jules Desmeules, sun buga labarinsa a mujallar New England Journal of Medicine ranar 30 ga Disamba, 2004, ba tare da sunansa ba. Abin da suka gano a jininsa, wani bambancin gado da ke sa hanta saurin sarrafa kodin, ba kasafai ake samunsa a arewacin Turai ba. A Habasha kuwa kusan mutum uku cikin goma da shi aka haife su, a Saudiyya biyu cikin goma.

## 1975 zuwa 2002: abin da aka sani kafin ya zo asibiti

Yawancin magungunan da muke haɗiya hanta ce ke sarrafa su. Tana da wasu sinadarai da ake kira inzayim, kowanne da irin magungunan da yake kamawa ya sauya musu siffa, ƙoda ta samu ta fitar da su cikin fitsari. Ɗaya daga cikinsu sunansa CYP2D6. Ba shi da yawa a cikin hanta, amma kusan kashi ɗaya cikin biyar na magungunan da aka saba rubutawa ta hannunsa suke bi: wasu na hawan jini da bugun zuciya, da dama daga cikin na damuwa da taɓin hankali, sai kodin da tiramol. Umarnin ƙera shi yana cikin wata ƙwayar gado da ke kan kuromosom na 22. A bisa al'ada kwafi biyu mutum ke da su, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba.

Tsautsayi ne ya fara tona cewa ba kowa ke da shi daidai ba. A 1975 Robert Smith, malami a makarantar likitanci ta asibitin St Mary's da ke Landan, shi da abokan aikinsa suka sha miligiram 32 kowannensu na wani maganin hawan jini mai suna debirisokwin, don su ga yadda jiki ke fitar da shi. Sauran suka ci gaba da harkarsu. Shi kuwa jininsa ya faɗi, jiri ya kwashe shi, ya yi kusan kwana biyu kafin ya dawo daidai. Da aka auna fitsari, na abokansa ya fito da narkakken maganin, nasa kuwa maganin ya fito kusan yadda ya shiga. Binciken da aka buga a 1977 ya nuna abin gado ne. Daga baya aka tabbatar cewa Turawa 5 zuwa 10 cikin 100 ba su da wannan inzayim mai aiki ko kaɗan.

Tsakanin 1979 da 1980 aka kai gwajin Gana da Masar da Najeriya da Saudiyya. Abin da ya fito bai shiga mudun Landan ba. Larabawan da ba su da inzayim ɗin ba su wuce ɗaya ko biyu cikin ɗari ba. A Afirka ta Yamma sakamakon ya riƙa saɓa wa juna, har wani bincike da aka buga a 1986 kan 'yan Najeriya bai iya raba mutane gida biyu ba, masu sarrafawa da marasa sarrafawa, yadda Turawa ke rabuwa ƙarara. Sai da aka fara karanta ƙwayar gadon kanta aka kama bakin zaren.

A 1993, ayarin Magnus Ingelman-Sundberg a Cibiyar Karolinska ta Suwidin ya ci karo da wani uba da 'ya'yansa biyu da ƙwayar ta maimaita kanta a jikinsu har ƙarin kwafi 12. Kwafi ya ƙaru, inzayim ya ƙaru, hanta ta zama mai gaggawa. A Suwidin abin bai wuce mutum 1 ko 2 cikin 100 ba. Sai ga Eleni Aklillu, 'yar Habasha da ke aiki da su, ta gwada mutum 122 daga ƙasarta, ta buga sakamakon a 1996: kashi 29 cikin 100 suna da ƙarin kwafi. Shekara ɗaya bayan nan aka gwada 'yan Saudiyya 101, aka samu 21.

A wannan shekarar ta 1996 kuma, Collen Masimirembwa, ɗan Zimbabuwe, ya bayyana wani nau'in ƙwayar dabam, wanda aka sa wa lamba 17. Shi ba ya kashe inzayim ɗin, rage masa kuzari yake yi. A mutanen da ya gwada a Zimbabuwe, kashi 34 cikin 100 na kwafin da aka ƙirga wannan nau'in ne. Shi ya warware ruɗanin Afirka ta Yamma: ba fari da baƙi ake da su ba, akwai jama'a tuli a tsakiya masu inzayim mai aiki amma a hankali. Wato a nahiya guda, cikin baƙar fata, an samu mafi yawan masu hanta mai gaggawa, an kuma samu tarin masu hanta mai nawa.

Wani abu ya ƙara fitowa a 2002. Aklillu ta kwatanta Habashawan da ke gida da waɗanda suka koma Suwidin, masu ƙwayar gado iri ɗaya, ta tarar na Suwidin sun fi saurin sarrafa magani. Zaton da aka yi shi ne akwai wani abu a cimar gida da ke danne inzayim ɗin. Wannan ya zo daidai da hasashen Ingelman-Sundberg, cewa ƙarin kwafin ya yaɗu a arewa maso gabashin Afirka ne saboda CYP2D6 na karya dafin wasu tsirrai, mai kwafi da yawa kuma ya fi samun abin da zai iya ci a shekarun fari. Hasashe ne har yau, amma yana da daɗin ji.

## Rana ta 1: zuwansa asibiti

Kwana uku ya yi yana fama da kasala, da zazzaɓi, da tari, da sarƙewar numfashi kafin ya zo. Dama yana da sankarar jini irin mai tafiya a hankali, wadda ke shafar fararen ƙwayoyin jini. Yana kuma shan balfurowet miligiram 1,500 a kullum saboda farfaɗiyar da ta taɓa buge shi a baya.

Hoton ƙirji ya nuna ciwon huhu a ɓangarorin biyu. Tunda garkuwar jikinsa ba ta da ƙarfi, ba a tsaya ga zato ba. Aka zura siririn bututu har cikin huhu, aka zuba ruwa aka tsotso shi, aka kai ɗakin gwaji. An ga ƙwayoyin fangas irin na yis. Aka ɗora shi kan magunguna uku: seftiriyazon da kilaritiromaisin don kashe bakteriya, borikonazol don fangas. Saboda tarin kuma, kodin na sha, miligiram 25 sau uku a yini.

Miligiram 75 ke nan a yini. Babban mutum mai jin ciwo akan ba shi 30 zuwa 60 a zama ɗaya, har ya kai 240 a yini. Nasa bai kai kashi ɗaya cikin uku na wannan iyaka ba.

## Rana ta 1 zuwa ta 3: abin da ke gudana a ciki

Kodin shi kansa ba wani ƙarfi gare shi ba. Ɗanyen kaya ne, hanta ce ke dafa shi. In ya isa can, hanya uku yake rabuwa. Mafi yawansa, rabi zuwa kashi biyu cikin uku, wani inzayim ne ke liƙa masa ɗan sinadari mai kama da sukari ya miƙa shi ga ƙoda. Kashi 10 zuwa 15 cikin 100 yana bi ta hannun CYP3A4, ya koma wani abu mai rauni. Ɗan abin da ya rage, kashi 5 zuwa 10, shi CYP2D6 ke mayarwa mofin. Wannan ɗan mofin shi ne ke kashe ciwo, shi ne kuma ke sa barci da rage numfashi, don ya fi kodin kama gurbinsa a ƙwaƙwalwa da kimanin ninki 200.

Mofin ɗin ma hanta na sake sarrafa shi ya koma abu biyu. Ɗayansu, wanda ake taƙaita sunansa da M6G, yana da ƙarfin mofin ko fiye. Ƙoda ce babbar ƙofar fitarsa.

Kilaritiromaisin da borikonazol duka biyun suna danne CYP3A4. Wannan sananne ne tun lokacin, yana rubuce a takardun magungunan. Ke nan tun daga ranar farko ɗaya daga cikin hanyoyin nan uku ta toshe. A lokaci guda zazzaɓi da rashin lafiya suna taɓa ƙoda a hankali. Ba a ga wata alamar tashin hankali a waɗannan kwanaki ba.

## Rana ta 4: suma

Cikin ɗan lokaci hankalinsa ya fara gushewa, har aka kira shi bai amsa ba. Rabonsa da kodin a lokacin awa 12.

Aka ɗebi jini daga jijiya aka auna iskar da ke ciki. Oksijin milimita 56 na zaiba, alhali iskar da ake ba shi rabinta oksijin ce. Mai lafiya da iskar ɗaki kawai yana kaiwa 80 zuwa 100. Gurɓatacciyar iskar da ya kamata huhu ya fitar kuwa ta kai 80, inda ake so ta tsaya tsakanin 35 da 45. Mutumin ba ya jan numfashin da ya isa.

Aka ɗaura masa abin rufe hanci da baki, haɗe da injin da ke tura iska cikin huhu ba tare da an zura bututu a maƙogwaro ba, aka garzaya da shi sashen kulawa ta musamman. A ma'aunin Gilasgo na zurfin suma, wanda ke tashi daga 3 zuwa 15, shi 6 ya samu: bai buɗe ido ba, bai yi ko nishin amsawa ba, sai dai in an matse shi da zafi ya janye hannu ko ƙafa. Babu alamar cewa wani ɓari na jikinsa ya shanye. Da aka ɗaga fatar idonsa, ɗigon tsakiyar idon ya tsuke.

Duk likitan da ya tsaya a kan wannan gado, abin da zai fara zo masa shi ne ciwon huhun ne ya ci ƙarfinsa, gurɓatacciyar iska ta taru ta bugar da shi. Zato ne mai ma'ana, maganinsa kuma shi ne injin da aka riga aka sa. Kodin ba zai zo a sahun gaba ba. Aikinsa a jiki awa huɗu zuwa shida ne, nan kuwa an yi goma sha biyu.

## Minti 90 bayan haka: lambobi sun gyaru, mutum bai tashi ba

Injin ya yi aikinsa. Oksijin ya hau zuwa 68, gurɓatacciyar iskar ta sauko zuwa 56. Da ita ce ta kwantar da shi, da ya fara motsi. Bai yi ba.

Aka duba maganin farfaɗiyarsa, tunda balfurowet kan sumar da mutum idan ya yi yawa, ko idan ya sa amoniya ta taru a jini. Yawansa miligiram 62.4 a lita, cikin iyakar 50 zuwa 100 da ake nema. Amoniya ma daidai take. Wannan ƙofa ta rufe.

Abin da ya fita daga layi shi ne gwajin ƙoda. Kiriyatinin, wanda ake gane lafiyar ƙoda da shi, ya kai miligiram 2.06 a desilita, inda na namiji mai lafiya ba ya cika wuce 1.2 ko 1.3. Ƙodarsa ta ja baya sosai. Amma wannan kaɗai bai isa ya sumar da mutum haka ba.

Saura tsukakken ido da raunin numfashi da suma. Ukun nan in suka haɗu, ɗalibin likitanci ma ya san sunan abin: dafin dangin mofin.

## Nalokson

Aka yi masa allurar nalokson miligiram 0.4 ta jijiya, aka maimaita. Ya farfaɗo nan take, farfaɗowar da ba ta bar wurin gardama ba. Nalokson ba ya taɓa ciwon huhu, ba ya taɓa farfaɗiya, ba ya gyara ƙoda. Aikinsa guda: ya shiga gurbin da mofin ke zaune a ƙwaƙwalwa ya ture shi. In ya tada mai suma, to an san abin da ya kwantar da shi.

Sai dai nalokson ɗan gajeren zango ne, cikin rabin awa zuwa awa ɗaya da rabi aikinsa ya ƙare, alhali abin da ya taru a jinin mutumin yana nan, ƙoda ba ta gama fitar da shi ba. Da an tsaya a allura, da ya koma. Saboda haka aka sa shi cikin ƙarin ruwa, miligiram 0.4 a kowace awa har awa shida. Hankalinsa ya dawo cikakke, numfashinsa ya daidaita. Ruwan da aka ƙara masa ya mayar da gwajin ƙodar inda ya kamata.

Kwana biyu bayan sumar ya warware sarai.

## Bayan ya warware: abin da jini ya faɗa

Jinin da aka ɗiba lokacin da yake sume shi aka kai awo. Kodin ya kai maikirogiram 114 a lita, inda ake tsammanin 13 zuwa 75 ga mai hanta irin ta kowa. Ya ɗan haura, ba wani abin firgita ba. Mofin kuwa 80, inda ake tsammanin 1 zuwa 4. Ko da babbar iyakar aka kwatanta, ninki ashirin ke nan. M6G ya kai 136, maimakon 1 zuwa 13. Ɗan'uwansa M3G 580, maimakon 8 zuwa 70. Mutumin da ba a taɓa ba shi mofin a wannan kwanciya ba, ga jininsa kamar na wanda aka yi wa allurarsa.

Aka karanta ƙwayar gadonsa: kwafi uku ko fiye na CYP2D6, dukansu masu aiki. Don kada a tsaya ga takarda, aka ba shi dekstirometofan, wani maganin tari da wannan inzayim ɗin ke sarrafawa, aka auna yadda jikinsa ya yi da shi. Sakamakon ya tafi daidai da abin da ƙwayar ta nuna.

Likitocin sun jingina abin ga abu uku a haɗe, ba ɗaya ba. Mai noman rani zai gane shi da sauri. Ruwa ya taho ta babbar hanya zai rabu uku. An datse ɗaya da ƙasa, wato aikin kilaritiromaisin da borikonazol. Wadda ke kaiwa ga fangalin mofin kuwa tun asali an haƙa ta da faɗi, wato gadonsa. Mafitar da ke ƙarshen fangalin kuma ta cushe, wato ƙodarsa. Ruwan da aka sako bai fi na kullum ba, amma fangali ɗaya ya yi ambaliya.

## 2006 zuwa 2018: abin da ya biyo baya

A 2007 Julia Kirchheiner da abokan aikinta a Jamus suka ba lafiyayyun mutane kodin miligiram 30 sau ɗaya. Masu ƙarin kwafi sun samu mofin a jini fiye da sauran da kimanin rabi. Goma cikin 11 daga cikinsu sun ji barci na fizgarsu, a ɗaya ɓangaren 6 cikin 12. Ba wanda ya suma.

Yara ne abin ya fi yi wa ɓarna. A 2006 aka buga labarin wani jariri a Toronto da ya rasu yana da kwana 13, aka ɗora laifin kan mofin da ya bi ta nonon mahaifiyarsa mai ƙarin kwafi. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi ga masu shayarwa a 2007, ko da yake a 2020 wasu masana a Kanada sun kawo hujjoji masu ƙarfi cewa nono ba zai iya ɗaukar wannan yawan ba. Na yaran da aka yi wa tiyatar cire tonsil, ƙulluwan nan na cikin maƙogwaro, ya fi tsayawa da ƙafarsa. A 2007 an ba da labarin yaro ɗan wata 29 a Amurka, ɗan asalin Afirka ta Arewa, da numfashinsa ya ɗauke bayan an ba shi kodin, ƙwaƙwalwarsa ta taɓu. A 2009 an ba da labarin wani ɗan shekara biyu mai nauyin kilo 13 da ya rasu a Kanada, an tarar da mofin 32 a jininsa a ma'auni ɗaya da na mutumin Janiba, an kuma tarar da ƙarin kwafi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire kodin daga jerin muhimman magungunan yara a 2011. A 2013 Amurka ta hana ba da shi ga yara bayan tiyatar tonsil, Tarayyar Turai kuma ta hana shi ga 'yan ƙasa da shekara 12 masu jin ciwo. A Afrilun 2017 Amurka ta haramta kodin da tiramol ga 'yan ƙasa da 12 baki ɗaya.

Wani asibiti ya bi wata hanyar. A St. Jude da ke birnin Memfis na Amurka, inda ake kula da yara masu sikila, yawancinsu baƙar fata, ba su so su rasa kodin gaba ɗaya ba, sai suka riƙa gwada ƙwayar gadon yaro tun kafin ciwo ya tashi, su sa sakamakon a kwamfuta. Rahotonsu na 2016 ya ce cikin masu sikila 830 an gwada 621. Kashi 7.1 cikin 100 masu hanta mai gaggawa ne ko ana zargin haka, kashi 1.4 ba su da inzayim ɗin. Ba ko ɗaya daga cikin waɗanda gwaji ya tabbatar suna cikin haɗari da aka rubuta wa kodin, don da likita ya fara rubutawa gargaɗi ke fito masa. Wani ƙaramin abu da masu wannan gwaji suka koya: a cikin baƙar fata ana samun wanda ƙwayar ta maimaita kanta a jikinsa, amma kwafin da ya maimaitu matacce ne ko mai rauni. Gwajin da ke ƙirga kwafi kawai, bai duba wane iri ba ne, zai kira mai nawa mai gaggawa.

A Najeriya an hana haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi ranar 1 ga Mayu, 2018, lokacin Isaac Adewole yana ministan lafiya, bayan wani rahoton bincike na BBC kan shaye-shaye. Dalilin shaye-shaye ne, ba gado ba. Abin da aka ce a maye gurbinsa da shi kuwa dekstirometofan ne, maganin nan da aka gwada hantar mutumin Janiba da shi. An bar kodin, ba a bar hannun CYP2D6 ba. Tiramol ma da ke yawo a kasuwa ta nan yake bi kafin ya yi ƙarfi.

## Hukunci

Ba wanda ya ba mutumin nan maganin da ya wuce ƙa'ida. Kowane magani cikin huɗun, in an ɗauke shi shi kaɗai, akwai hujjar ba da shi, ko da yake ina da ja a kan na tarin. Gwaje-gwajen da aka yi kan tarin mura ba su nuna kodin ya fi ruwan zaƙi da wani abin kirki ba. Ba da abin da ke rage numfashi ga mai ciwo a huhu biyu, don amfanin da bai taka kara ya karya ba, ciniki ne da faɗuwarsa ta fi ribarsa ko da hantarsa irin ta kowa ce.

Sunan rahoton ya ɗora nauyi kan ƙwayar gado, haka kuma ake ta ambatarsa. A ganina lambobin ba su yarda da hakan duka ba. Gado shi kaɗai, a gwajin Jamus, rabi ya ƙara. Mutumin Janiba ninki ashirin ya samu, ko fiye. Tazarar da ke tsakani magungunan nan biyu ne da ƙoda suka cike ta. Su kuwa ba sa bukatar wani injin karanta gado kafin a gan su: ɗaya yana kan takardar magungunansa, ɗayan gwajin jini ne da ƙananan asibitoci ma ke yi. Abin da ba za a iya gani da ido ba shi ne aka fi yayatawa, abin da ke gaban kowa aka wuce shi.

Wannan ba rage wa gadon daraja ba ne. Da hantarsa irin ta Robert Smith ce, da duk abin nan bai faru ba, don babu mai dafa mofin ɗin. Kuma a asibitin Adis Ababa ko Riyad, inda mutum biyu ko uku cikin goma ke shigowa da hanyar nan a buɗe, sauran sharuɗɗa biyun ba su da wuyar cika. Zazzaɓi da bushewar jiki da maganin kashe ƙwayoyin cuta abin yau da kullum ne a kowane ɗakin jinya.

Inda nake ganin ake yin ɓatan kai shi ne mayar da alƙaluman nan hukunci kan launin fata ko ƙabila. "Baƙi" ya haɗa Bahabashe da Bashonen Zimbabuwe, ɗaya yana can ƙarshen gaggawa, ɗayan yana ɓangaren nawa. Habashawan nan ma kashi 71 cikin 100 ba su da ƙarin kwafi. Larabawa 80 cikin 101 ɗin nan ba su da shi. Lamarin da muka bi kuwa a tsakiyar Turai ya faru. Mu nan, binciken da aka buga a 2008 kan al'ummomin Afirka, wanda ya haɗa da Hausawa da Yarbawa da Ibo, ya samu nau'i mai lamba 17 a dukansu, kuma a ƙasashen kudu da Sahara kusan kwafi ɗaya cikin biyar shi ne. Amma a Kano kaɗai akwai gidajen da kakanninsu daga Gadamas da Tarabulus suka zo, ga 'yan'uwanmu da suka yi shekara da shekaru a Sudan suna auratayya. Wane likita ne zai kalli fuska ya ce ga adadin kwafin da ke ciki?

Matsalar da ta fi kusa da mu wataƙila kishiyar ta Janiba ce, kuma ba ta da hayaniya. Wani bincike a Amurka a 2007 ya nuna yara masu sikila da kodin bai kwantar musu da ciwo a gida ba sun fi kasancewa masu nau'in inzayim mai rauni. Irin wannan yaro ba ya suma, ba a kai shi sashen kulawa ta musamman, ba mai buga labarinsa a mujalla. Kuka yake yi, uwa ta dawo ta ce, "Likita, maganin nan bai yi masa ba." In ba a yi sa'a ba a ƙara masa adadin, in ya girma kuma a fara yi masa kallon mai neman ƙwaya. Wata uwar kuma ta ce, "Ya yi masa ƙarfi, tun jiya barci yake, da ƙyar nake tashinsa." Maganganun nan biyu sakamakon gwaji ne, irin wanda aka yi wa mutumin Janiba da dekstirometofan, sai dai ba a ɗakin gwaji aka yi shi ba. Ta farko a canza masa zuwa abin da ba sai hanta ta dafa shi ba. Ta biyu a tsayar da maganin, a ƙirga numfashinsa da agogo, a haska idonsa, a tabbatar akwai nalokson a kusa. Duka biyun a rubuta abin da uwar ta faɗa a bangon fayil ɗin yaron da jan biro, inda likita na gaba zai gani kafin ya ɗauki takardar rubuta magani.